Gilashi ko madubi: wace na'urar hangen taurari za ka haɗa da hannunka?

Duk wanda ya ƙudurta haɗa na'urar hangen taurari da kansa, tambayar da ke fara fita daga bakinsa ita ce sau nawa za ta ƙara wa abu girma. Ni ma da ita na fara, kuma ita ta ci min watanni a banza. Ƙara girma abu ne da ake sauyawa cikin ƙiftawar ido: ka zare ɗan gilashin da ake kafa ido a kai, wanda zan riƙa kira maleƙa, ka cusa wani. Abin da ba ya sauyuwa bayan an gama gini shi ne faɗin bakin da ke kamo haske, sai kuma ƙarfin mazaunin da na'urar ke kai. A kan waɗannan biyun ya kamata a yi gardamar.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwayar idon mutum, in ta saba da duhu, takan buɗe kusan milimita 7. Gilashi mai faɗin milimita 70 yana tara hasken da ya ninka na ido sau 100. Madubi mai milimita 150 yana tara kusan ninki 460, mai milimita 200 kuwa ya haura ninki 800. Shi kuma ƙara girma, raba nisan da babban gilashi ko madubi ke tara haske a kai kawai za ka yi da na maleƙa. In nisan matattarar hasken milimita 1200 ne, maleƙa mai milimita 25 za ta ba ka ninki 48, mai milimita 10 ta ba ka 120. Amma akwai iyaka: da zarar ka wuce ninki biyu na faɗin bakin a lissafin milimita, hoton zai yi girma ne kurum ya dusashe, kamar hoton waya da aka ja fiye da kima.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta gilashi zalla, kuma ita ce ta asali. A 1608 wani mai yin tabarau a Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar irin wannan na'ura. Shekara guda bayan nan Galileo ya ƙera tasa a Italiya, a farkon 1610 kuma ya hango watanni huɗu suna zagaya Mushtari, wato Jufita, da na'urar da ƙarfinta bai wuce ninki ashirin da wani abu ba. Kai ma za ka iya kwatanta tasa a yini ɗaya. Gilashin tabarau mai lamba +1.00 yana tara haske a nisan mita ɗaya daidai. Ka nemi wanda ba a yanke ba tukuna, zagayayye, wanda ba a yi masa wani ƙarin gyara na karkacewar gani ba. Ka kafa shi a bakin bututun roba, ka sa wani siririn bututu da ke shiga yana fita a ɗaya bakin, ka ɗora masa ƙaramin gilashin ƙara girman rubutu mai tara haske a milimita 50. Ka samu ninki 20 ke nan. Ramukan da ke jikin wata za su fito maka, watannin Mushtari ma za ka gan su kamar ɗige-ɗige a jere.

To amma daren farko za ka ga aibinta. Gefen wata zai fito da zobe mai launi, shuɗi a nan ja a can, tamkar an shafa masa bakan gizo. Dalili kuwa shi ne gilashi ba ya lanƙwasa launukan haske daidai wa daida. Ya fi lanƙwasa shuɗi a kan ja, don haka kowane launi da inda yake taruwa. Dabarar da ake yi ita ce a yanka kwali a rufe gilashin, a bar rami na milimita 20 zuwa 25 a tsakiya. Hoton zai gyaru, sai dai ka zubar da yawancin hasken da ka fito nema, an gudu ba a tsira ba. Mutanen ƙarni na 17 tsawaita na'urar suka riƙa yi don rage launin, har Johannes Hevelius ya kafa wata mai tsawon mita 46 a birnin Danzig, wadda 'yar iska kaɗan ke sa ta rawa. Maganin gaskiya shi ne haɗa gilasai biyu masu mabambancin sinadari, ɗaya ya gyara ɓarnar ɗaya, kuma John Dollond ne ya karɓi haƙƙin mallakarsa a Ingila a 1758. Ga mai aiki a gida wannan yana nufin fuskoki huɗu da za a goge, a kan gilashi iri biyu, kowanne garau har cikinsa ba kumfa ba jijiya, tunda ta cikinsa hasken zai ratsa. Ban ba sabon shiga shawarar ya tunkari wannan ba.

Abin da masu son na'urar gilashi ke yi shi ne su sayi haɗaɗɗen gilashin gaba na milimita 70 ko 80 su gina masa jiki, ko su kwance shi daga tsohon madubin hangen nesa mai ido biyu da ya lalace. Na ƙarshen nan yana tara haske a kusa, saboda haka ƙarfinsa kaɗan ne amma yana ɗauko fili mai faɗi, Kaza da 'Ya'yanta sukan shigo gaba ɗayansu su cika ido. Kuma a faɗi gaskiya, na'urar gilashi tana da daɗin zama. Bututunta a rufe yake, ƙura ba ta shiga, ba ta neman saiti kullum, ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka fita ka fara kallo nan take. Matsalarta ita ce ba ta girma da araha. Kowane ɗan ƙari a faɗi yana jawo tsada mai yawa da nauyi, ga shi ta gefe kawai ake riƙe gilashi, in ya yi girma sai tsakiyarsa ta lotsa. Bayan da aka kafa mai santimita 102 a cibiyar hangen taurari ta Yerkes a Amurka a 1897, sannu a hankali manyan cibiyoyi suka juya wa gilashi baya, kusan duk manyan na'urorin da suka biyo baya na madubi ne.

Na madubin kuwa Isaac Newton ne ya ƙera wadda ta yi aiki a 1668, kuma tsarinsa ne masu gini a gida ke bi har gobe. Madubi mai ɗan zurfi kamar faranti yana zaune a gindin bututu yana kallon sama. Haske ya faɗa kansa ya dawo yana tsukewa, sai wani ƙaramin madubi miƙaƙƙe da aka karkata digiri 45 kusa da baki ya tare shi ya fitar da shi ta gefe, inda maleƙa take. Fuska ɗaya tak ake gogewa. Haske ba ya ratsa gilashin, don haka babu zancen launi, kuma ko da 'yan kumfa a cikinsa ba komai. Ana iya tallafe shi ta baya gaba ɗaya. Da irin wannan, mai faɗin inci shida da 'yan kai, wadda ya goge madubinta da hannunsa, William Herschel ya gano duniyar Uranus a 1781, a lokacin sana'arsa kiɗa ce. Clyde Tombaugh ma a gonar iyayensa a Kansas ya haɗa tasa mai inci 9 da tarkacen injunan gona, ya zana abin da ya gani ya aika wa cibiyar Lowell, suka ɗauke shi aiki, a 1930 ya gano Pluto.

Kada ka ɓata lokaci a kan madubin ɗaki ko na aski mai ƙara girman fuska. Shafensu a baya yake, haske sai ya ratsa gilashi ya dawo, tauraro ɗaya ya zama biyu ko uku, kuma lanƙwasarsu ba ta kusa da daidai ba. Madubin hangen taurari a fuskarsa ta gaba ake shafa masa abin ƙyalli. Newton da Herschel da gaurayen jan ƙarfe da kuza suka yi nasu, wanda ke dusashewa a sake gogewa. A shekarun 1850 aka koma shafa azurfa a kan gilashi, yanzu kuma alminiyom ake fesawa a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta. Wannan mataki ɗaya ba a yin sa a gida, sai an aika wa masu injin.

Ita ma tana da nata halin. Bakin bututu a buɗe yake, ƙura da raɓa suna sauka. In ka fito da ita daga ɗaki mai ɗumi, sai ka jira rabin awa ko fiye kafin madubin ya huce, in ba haka ba hoto ya yi ta rawa kamar abin da ake hange ta saman wuta. Madubai biyun suna buƙatar saiti lokaci zuwa lokaci da sukurori uku da ke bayan babban, aikin da ke ba da haushi a makon farko, daga baya ya zama na minti biyu. Hoton kuma a kife yake zuwa. A sama wannan ba ya damun kowa, amma in kana son na'urar da za ka hangi tsuntsaye ko tsaunuka da rana, ba ita ba ce.

In ka zaɓi madubi, saura babbar tambayar da ta fi raba kan masu wannan sha'awa: ka goge da kanka ko ka saya gogagge?

Ga yadda gugar take. Fayafayan gilashi biyu masu kauri, ɗaya zai zama madubi ɗaya kuma magogi. Ka kafe magogin a kan ganga ko wani teburi da za ka iya zagayawa, ka barbaɗa garin kaborandam mai lamba 80, ka yayyafa ruwa, ka kifa ɗayan a kai ka yi ta turawa kana jawowa. Bayan 'yan turawa ka matsa taki ɗaya gefe, ka ɗan juya gilashin da ke hannunka ta ɗaya wajen. Da fari ƙarar kamar ana niƙa tsakuwa, cikin 'yan mintoci sai ta yi laushi, alamar garin ya mutu, a wanke a zuba sabo. Abin mamakin shi ne na sama tsakiyarsa ce ke zurfi, na ƙasa kuma gefensa ke cinyewa, kuma rashin daidaiton hannun mutum shi ne ke gyara aikin, domin fuskoki biyu da ake gogawa ta kowace fuska ba su da yadda za su zauna daram da juna sai sun zama yankin ƙwallo. Zurfin da ake nema ɗan kaɗan ne: ga madubin milimita 150 mai tara haske a 1200, bai kai milimita ɗaya da kwata ba a tsakiya. Daga nan a sauko zuwa lamba 120, 220, har zuwa gari mai laushi kamar hoda, kowanne yana share ramukan da na gabansa ya bari. Akwai gwajin da nake so: ka zana layuka da fensir a fuskar gilashin, ka goga kaɗan, ka duba. In layukan sun goge ko'ina daidai, fuskokin sun haɗu. In na tsakiya sun rage, tsugune ba ta ƙare ba.

A nan na sha tawa. Ina kan gari mai laushi, saura ƙiris in shiga sheƙi, sai na ji wani ƙiiit a ƙarƙashin hannuna. Na ɗaga, ga tsagi daga tsakiya har kusan gefe. Ƙwayar gari ɗaya ta lamba 80 ce ta maƙale a ƙarƙashin farcena tun aikin share teburi da safe. Sai da na koma baya mataki uku, aikin mako biyu ya tafi. Tun daga ranar, duk sauyin lamba sai na wanke teburi da bokiti, na yanke farce, na sauya riga.

Sheƙi kuma da wani abu daban ake yin sa. Ana narka wani irin ƙaro mai kama da kwalta a zuba a kan magogin, a tsaga masa layuka kamar dara, a riƙa gogawa da hodar siriyam har gilashin ya yi garau. Sannan a zo ga inda ake gane gwani, wato mayar da yankin ƙwallon nan zuwa siffar da ake kira farabola, mai ɗan ƙarin zurfi a tsakiya, don hasken gefe da na tsakiya su taru wuri ɗaya. Kuskuren da aka yarda da shi a fuskar bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi. Za ka ce ina mutum zai auna wannan a ɗakinsa? Da reza da ɗan ƙaramin haske. Léon Foucault na Faransa ne ya fito da gwajin a 1858: ka tsaya a ninki biyu na nisan matattara, ka haska madubin, ka shigo da kaifin reza a hankali cikin hasken da ya dawo, sai inuwa ta nuna maka tudu da kwarin fuskar kamar ƙasa da hantsi. Ka ɗora babban yatsanka a kan madubin na 'yan daƙiƙoƙi ka koma ka leƙa, za ka ga ɗumin yatsan ya kumbura gilashin ya yi ƙululu. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe a tsaye.

Sai dai kada daɗin labari ya ruɗe ka. A ƙaramin madubi, milimita 114 zuwa 150, guga ba ta rage kashe kuɗi. In ka haɗa fayafayan gilashi, garin guga kala-kala, ƙaro, hoda, da kuɗin aikawa a fesa alminiyom a dawo maka da shi, sau da yawa ka kai ko ka wuce abin da za ka biya a kan gogaggen madubi na masana'anta, wanda galibi tare da ƙaraminsa ake sayarwa. Sai madubi ya girma, milimita 300 zuwa sama, kwalliya ke fara biyan kuɗin sabulu, shi kuwa wannan ba a fara koyo da shi. Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: taurari kake son gani, ko gilashi kake son sarrafawa? In na farko ne, sayi madubi, cikin 'yan makonni kana kallon zoben Zuhal, wato duniyar Saturn. In na biyu ne, kuma kana da wurin da ba ƙura da haƙurin dafa dutse, goge. Da yawa sun fara guga don su yi arha, gilashin yana nan a kwali ya shekara biyar.

Ko saye ko guga, ni dai milimita 150 mai tara haske a 1200 nake nuna wa kowa, wanda ake rubutawa f/8, ma'ana nisan matattara ya ninka faɗi sau takwas. Gajere irin f/5 yana da kyan ɗauka, bututunsa bai kai mita ba, amma ba ya yafiya: dole farabolarsa ta fita sosai, ɗan kaucewar saiti yana ɓata hoto, taurarin gefe suna fitar da jela, kuma yana neman maleƙa mai tsada. Dogon yana rufa wa mai koyo asiri. In ka tsawaita zuwa f/10 ma kana iya barin sa a yankin ƙwallo ba tare da ido ya gane ba. A nan ne ake cutar masu saye: madubi gajere da aka bari a yankin ƙwallo, a kira shi farabola. In mai sayarwa ya kasa faɗa maka a fili wanne ne, wuce.

Mazauni ba na dogon zance ba ne, domin John Dobson ya riga ya yanke hukunci. Mutumin nan, da aka haifa a Beijing a 1915 ya rasu a 2014, ya yi shekaru a gidan ibada a Kalifoniya yana goge gilasan tagogin jiragen ruwa, yana cusa su a bututun kwali na zuba kankare, daga baya ya riƙa kafa na'urorinsa a bakin titunan San Francisco yana kiran masu wucewa su zo su ga wata. Mazauninsa akwatin katako ne kawai da ke juyawa a kan faifai, bututun kuma yana kwance a kansa kamar igwa, yana ɗagawa yana saukowa. Ba boris, ba haƙoran inji. 'Yan guntayen Teflon, wata roba mai santsi, ne ke zamewa a kan fomeka, su ba da santsi daidai gwargwado: ka tura ya tafi, ka saki ya tsaya cak. Duk mai iya riƙe zarto zai yi shi. Ɗayan nau'in, mai karkata zuwa ga gatarin da duniya ke juyawa a kai don bin tauraro da juyi ɗaya, yana buƙatar aikin ƙarfe mai kyau da nauyin daidaito, kuma in an yi shi da rauni ya fi komai ban takaici. Amfaninsa na ga mai ɗaukar hoton da ake barin kyamara a buɗe na mintoci. In wannan ne burinka, akwatin Dobson ba zai yi maka ba, ko da yake ɗora waya a maleƙa a ɗauki wata yana yiwuwa sarai. Ka kuma sani cewa a ninki 120 duniya tana juyawa a idonka: Mushtari zai ratsa filin kallo ya fice cikin ƙasa da minti biyu, sai ka riƙa ɗan tura bututun. Hannu yana sabawa. Ƙafar kyamara mai sanda uku kuwa, a bar ta ga ƙaramar na'urar gilashi. Gwajin mazauni ɗaya ne: ka ɗan ƙwanƙwasa bututun kana leƙe, in hoton ya wuce daƙiƙa biyu ko uku yana rawa, koma wurin kafinta.

Da milimita 150 a wuri mai duhu za ka ga ɗamara biyu a jikin Mushtari, zoben Zuhal har da baƙin layin da masanin taurari Cassini ya gano a cikinsa a 1675 in iska ta kwanta, Zara tana cika tana raguwa kamar wata, gajimaren Orion, da tarin taurarin Andromeda da haskensu ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi. Gilashin milimita 70 zai nuna zoben da watannin, amma ƙanana, abubuwa masu dishi-dishi kuma yawancinsu za su ɓace masa. Ko a babbar, toka-toka za ka gan su, launukan nan na hotuna aikin kyamara ne.

Rana kam kada a kusance ta, da kowace iri. Leƙe ɗaya yana ƙone ido har abada, baƙin gilashi ko tabarau ba sa tare komai. In na'urar tana waje da rana, a rufe bakinta, musamman inda yara suke.

Kuma kada ka huda ramin maleƙa a jikin bututu bisa abin da aka rubuta a kwalin madubi, domin wanda aka ce 1200 ne yana iya zama 1185 ko 1215. Ka jingine madubin a waje da dare yana fuskantar wata, ka riƙe farin kati a gabansa ɗan gefe kaɗan, ka matsa gaba ka ja baya har ɗan ƙaramin wata ya fito tsaf a kan katin, ka sa wani ya auna da tef daga fuskar madubin zuwa katin. Daga wannan adadi ka cire rabin faɗin bututu da tsayin mariƙin maleƙa, abin da ya rage shi ne tazarar da za ta kasance tsakanin babban madubi da ƙarami. Ka bar wa bututun rarar santimita goma a gindi, kada ka yanke ta sai ka ga tauraro ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya a maleƙa.